Kurakuran da sababbin ma'aikatan kula da kifin teku ke ta maimaitawa

Na gaji da karɓar rahoton da ke cewa "kifi na nan da yawa" don kawai jirage sun dawo a cike. Wannan shi ne kuskure mafi muni, kuma kusan kowane sabon shiga sai ya faɗa cikinsa. Kifaye da dama, in suka ragu, tattaruwa suke yi wuri guda, su kuwa manyan jirage na da na'urar da ke gano garke a ƙarƙashin ruwa. Sai taru ya ci gaba da cika alhali teku na ƙarewa. Haka aka yi da kifin kod a gabashin Kanada. Ƙananan masunta na bakin gaɓa sun daɗe suna kukan kifi ya yi ƙaranci kuma ya ƙanƙance, aka yi biris da su, har gwamnati ta hana kamun a 1992, dubban mutane suka rasa abin yi.

Irin wannan lissafin ya taɓa sa wata ƙungiyar masunta da nake aiki da ita ta ci bashin injuna, aka shekara ana biya da kyar. Tun daga nan ba na karɓar nauyin kamu shi kaɗai. Awa nawa aka yi a ruwa? Man nawa aka ƙona? Sannan in tsuguna gaban kwando da ma'auni, in auna tsawon kifi, in tsaga cikin wasu. In na ga 'yan ƙanana ɗauke da ƙwai, manyan iyaye sun ɓace, na san akwai matsala. Kai da ba ka taɓa tsaga kifi ba, wa ya ba ka ikon sa hannu a rahoto?

Na biyu, ɗora wa yanayi laifi duka. Gaskiya ne ruwa na ɗumama, kifi na ƙaura zuwa inda ya fi sanyi. Amma ku dubi Peru: a 1970 an kama kifin ancobi sama da tan miliyan 12, sai El Nino, wato ɗumamar ruwan teku da kan auku a yankin lokaci-lokaci, ya zo a 1972 ya tarar da garken da aka riga aka raunana, ya durƙusar da shi. FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a 1974 kashi 10 cikin ɗari na garkunan kifin teku ake kamawa fiye da kima, a 2021 ya kai kashi 37.7. Wannan aikin hannunmu ne.

Sauran a taƙaice. Taru mai ƙananan idanu yana kwashe 'ya'yan da ba su taɓa zuba ƙwai ba, ku riƙa auna idon taru kafin jirgi ya tashi. Kada ku manta da tudu: takin zamani da Kogin Misisipi ke kwasowa yana ƙarar da iskar da kifi ke shaƙa a wani sashe na Tekun Meziko duk bazara. Tarun da ya tsinke kuwa a dawo da shi gaɓa, don ko a ƙasan teku kamu yake ci gaba da yi.