Yadda ake komawa hawan keke bayan tiyatar dajin furostet

Wanda aka cire masa furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, zai iya komawa kan kekensa, amma sai ya san inda ɗinkinsa yake. Bayan an cire ƙullutun, likita yana sake haɗa mafitsara da bututun fitsari, kuma wannan mahaɗa tana dab da wurin da sirdi ke dannawa, tsakanin maraina da dubura. Raunin fatar ciki yakan warke da wuri, musamman idan ta ƙananan huji aka yi aikin, shi ya sa mutum ke zaton ya gama warkewa alhali ɗinkin ciki bai yi ƙwari ba.

Matakin farko shi ne tafiya a ƙasa. Robar fitsari takan zauna mako 1 zuwa 2, kuma tun a lokacin ana son ka riƙa ɗan tattaki kullum, domin yana rage haɗarin daskarewar jini a ƙafa. Kada ka ɗaga kaya mai nauyi har wajen mako 6, gudun ƙaba.

Da an cire robar, sai ka shiga atisayen matse tsokar da ke riƙe fitsari: ka matse kamar mai hana iska fita, ka riƙe daƙiƙa kaɗan, ka saki, sau da yawa a yini. A ganina wannan ne matakin da aka fi sakaci da shi, ga shi kuwa yoyon fitsari ya fi tasowa lokacin yunƙuri, kamar hawan tudu ko miƙewa a kan feda.

Na uku, ka nemi izinin likitan da ya yi maka aikin. Yawanci ana jira mako 6 zuwa 12, wasu ma fiye.

Kafin ka hau, ka gyara keken. Ka samu sirdi mai faɗi wanda tsakiyarsa ke da rami, ko marar hanci, yadda nauyinka zai sauka a kan ƙasusuwan zama. Sirdi mai laushi sosai ba lallai ya fi ba, domin idan ka nutse a cikinsa tsakiyarsa takan turo sama. Kada hancinsa ya kalli sama, sannan ka ɗaga hannun keken don kada ka sunkuya da yawa.

Ka fara da minti 10 zuwa 15 a kan keken motsa jiki ko shimfiɗaɗɗiyar hanya marar gargada, kana ɗagawa daga sirdi lokaci-lokaci, ka kuma bar kwana ɗaya tsakani don ka ga yadda jiki ya karɓa. Sa audugar tsane fitsari ba abin kunya ba ne. Idan ka ga jini a fitsari, ko fitsari ya ƙi fita, ko zazzaɓi, ko ciwo ko mutuwar jiki a wurin zama da bai wuce ba bayan ka sauka, ka ajiye keken ka tuntuɓi likitanka a ranar.