Yadda za ka gane abin da ya sa idonka ja kafin ka ɗiga masa magani

A Agege ko Mile 12 da ke Legas, da idon mutum ya yi ja sai ka ji an ce, "Apollo ce, maza je kemis." Sunan ya samo asali ne daga Ghana, inda cutar ta ɓulla a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata. Sai dai ba kowane jan ido ne Apollo ba, kuma maganin wani ciwon kan zama gubar wani.

Mataki na farko, gwada ganinka. Rufe ido ɗaya da tafin hannu, ka karanta rubutun kalanda ko allon shagon da ke tsallaken titi, sannan ka sauya. In gani na nan yadda yake, da sauƙi. In ya dishe, ko haske na sukar idon, ko akwai ciwo mai tsanani, tsallake sauran matakan ka nufi asibiti a ranar. Wanda idonsa ɗaya ya yi ja, kansa na sarawa, yana amai, yana ganin zobe mai launi kewaye da fitila, to yana iya zama hawan jinin ido ne ya taso masa gadan-gadan, kuma wannan na makantarwa cikin 'yan kwanaki. Akwai sashen ido a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja.

Na biyu, tuna inda ka wuni. A Legas wannan tambayar kaɗai na warware da yawa: hayaƙin janareto, na tukubar tsire, na babbaka a mayankar Oko-Oba, ƙurar hunturu, yajin attaruhu a hannun mai sauke kaya, ga rashin barcin masu gadi. Irin wannan, ido biyu ne ke ja da ƙaiƙayi da hawaye. Wanke fuska da ruwa mai tsabta, ɗora tsumma mai sanyi, kada ka murza. Mai walda da ya yi aiki ba tabarau kuwa, sai cikin dare zai ji kamar an watsa masa yashi, domin ƙunar kan bayyana ne bayan wasu awanni. In siminti ko ruwan batir ne ya fantsama, kwarara ruwa minti 20 ba tsayawa, sannan asibiti.

Na uku, duba kwantsa. Apollo kan fara da ido ɗaya ta koma ɗayan, fatar ido ta kumbura, ruwa na zuba. Kallon mai ita ba ya sa ka kamu, duk da abin da ake faɗa. Hannu ne da tawul da matashin kai ke yaɗa ta. Inda mutum shida ke kwana ɗaki ɗaya, kowa ya ware tawul ɗinsa, a riƙa wanke hannu da sabulu. Yawanci tana wucewa da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kwantsa mai kauri kamar mugunya sai ma'aikacin lafiya ya gani. A idon jaririn da bai cika wata ba kuwa, kada a jira suna ko zuwan kaka, a kai shi nan take.

Wani lokaci za ka ga jini jawur a farin ido, ba ciwo, ba kwantsa. Siririyar jijiya ce ta fashe, galibi saboda tari ko ɗaukar kaya mai nauyi. Yana washewa cikin mako biyu, amma je a auna maka jini, ko ya hau.

Na huɗu shi ne inda aka fi yin ɓarna. Fitsari, ruwan nono, ruwan sukari, ruwan albasa, duk ana zuba su a ido, kuma ƙwayoyin cuta ko ƙuna suke ƙarawa. Kwalli ma a ajiye shi har ido ya warke, balle a yi karo-karo da maciyi ɗaya. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ɗigon nan mai sinadarin dexamethasone ko betamethasone da ake saya ba takardar likita. Yana farar da ido nan da nan, shi ya sa ake yabonsa, amma in akwai gyambo a baƙin ido sai ya ƙara masa zurfi ya bar hakiya, in kuma aka daɗe ana ɗigawa ya jawo hawan jinin ido ko yana. Kafin ka biya kuɗi, juya kwalin ka karanta, ko ka ce wa mai kemis, "Malam, karanta mini abin da ke ciki."