Kurakuran da aka fi yi wajen gano cutar kifin kulun a akwatin ruwan gishiri

Kifin kulun, ɗan kifin nan mai ruwan lemo da farin ratsi uku wanda asalinsa tekun Indiya da na Fasifik ne, yakan iso Yamai a gajiye bayan doguwar tafiya cikin leda, kuma a makonnin farko ne cuta ta fi bayyana a jikinsa. Babban kuskuren da ake yi a lokacin shi ne a zuba magani kafin a auna ruwa. Numfashi da sauri da ƙin cin abinci ba hujja ba ce cewa ƙwayar cuta ta maƙale masa, domin amoniya, gubar da ke fitowa daga dattin kifi da ragowar abinci, wadda ya kamata awonta ya tsaya a sifili, tana ƙona kunnuwan da yake numfashi da su har ya nuna alamun nan. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin gari ke wuce digiri 40, ruwan da ya kamata ya zauna tsakanin digiri 24 da 27 yakan yi ɗumi, iskar da ke cikinsa ta ragu, balle idan aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya. Haka kuma ruwa yana ƙafewa ya bar gishirinsa, don haka da ruwa marar gishiri ake cike gurbin wanda ya ƙafe, sannan a duba ko awon gishirin, wato nauyin ruwan idan aka kwatanta da ruwa zalla, na nan kusa da 1.025.

Idan ruwa ya fita daga zargi, sai a zo kan inda aka fi ruɗewa, wato ɗaukar kowane fari a jikin kifi a matsayin cuta guda. Alhali cututtuka uku ne suke kama da juna, kuma saurin da kifin ke lalacewa ne ya fi bambanta su. Cryptocaryon irritans tana fitar da ɗigo-ɗigo rarrabe, kamar an barbaɗa gishiri, kifin yana goga jikinsa da dutse amma sau da yawa yana ci gaba da cin abinci. Amyloodinium ocellatum kuwa ta fi kama kunnuwa tun kafin a ga komai a fata, kifin ya riƙa haki yana tsayawa a bakin famfo, kuma idan ta bayyana sai a ga jikin ya yi ƙura-ƙura. Tana iya kashe kifi cikin kwana biyu ko uku. Ta ukun, Brooklynella hostilis, ita ce ta fi shahara a wannan kifi, musamman wanda aka kamo daga teku, kuma alamarta farin yauƙi ne mai kauri da ke saɓulewa daga fata. Maganin jan ƙarfe da ke aiki kan biyun farko ba abin dogaro ba ne a kanta, wankan sinadarin fomalin ake yi wa kifin, kuma wanda ya ɓata kwana biyu a kan maganin da bai dace ba da wuya ya ceci kifinsa.

Wasu kuma sukan ɗauko dabarar kifin ruwan daɗi, su ƙara zafi da gishiri. Wannan ba ya amfanar kifin teku da komai, sai dai ya ƙara masa wahalar numfashi. Rage gishiri zuwa 1.009 ne ke kashe Cryptocaryon, shi ma ita kaɗai.

Akwai gwaji mai sauƙi da ake yawan tsallakewa. Ana sa kifin cikin ruwa marar gishiri, wanda aka cire wa kulor, sinadarin tsaftace ruwan famfo, aka kuma daidaita zafinsa da pH ɗinsa, wato awon tsaminsa, da na akwatin, na minti uku zuwa biyar a cikin roba mai duhu. Idan tsutsotsin fata irin su Neobenedenia ne, za su yi fari su zube a gindin robar, kuma maganinsu firazikwantel ne. Farin kashi mai tsawo tare da rama yana iya nuna cutar hanji, ko da yake a ganina bai kamata a yanke hukunci da kashi guda ba. Ƙulli mai kauri a gefen fiffike kuwa galibi Lymphocystis ce, ta bairos, kuma takan tafi da kanta idan ruwa da abinci sun gyaru. Kwanciya a gefe da dare da karkarwa a gaban kifin da ya fi shi girma ɗabi'ar kulun ce, ba ciwo ba.

Zuba magani a babban akwati kuskure ne mai tsada, domin jan ƙarfe yana kashe anemon, wata halittar teku mai kama da fure, da murjani da jatan lande, duwatsu kuma suna shanye shi. A ƙaramin akwati na daban ake jinya, ana auna yawan maganin kowace rana. Sannan kada ɓacewar ɗigon ta yaudari mai kifi. Cryptocaryon takan yi kwana uku zuwa bakwai a jikin kifi, ta faɗo ƙasa ta shiga ƙwanso ta hayayyafa, sannan ta dawo da yawa. Tun da an taɓa ganin ƙwanson ya kai kwana 72 kafin ya fashe, ana barin babban akwatin ba kifi ko ɗaya har kwana 76. Wanda ya samu likitan dabbobi mai na'urar ganin ƙananan halittu, ya roƙe shi ya karto ɗan yauƙin fatar kifin ya duba, domin siffar kowace ƙwaya daga cikin ukun daban take a ƙarƙashin na'urar.