Kurakuran da Masu Hawan Jinin Ido ke Yi da Maganin Ciwon Jiki

Masu hawan jinin ido, wato gilokoma, sukan tambaya ko maganin ciwon kai zai ɓata aikin maganin da suke ɗigawa, irin su timolol da latanoprost. Farasitamol ba ya karo da su, muddin babban mutum bai wuce giram 4 a yini ba. Ɓarnar tana wani wajen, kuma na gaji da ganin ana maimaita ta.

Kuskure mafi muni shi ne shan haɗi, ƙwayoyin nan masu launi daban-daban da mai kemis ke ƙullawa a leda da zarar an ce masa jiki na ciwo. Sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, waɗanda ke ɗaga matsin ruwan ido idan aka daɗe ana sha, alhali mutum yana ɗiga maganinsa safe da dare yana zaton komai lafiya. Mahaifiyata ta sha irin wannan haɗin saboda ciwon gwiwa. Gwiwar ta yi sauƙi, amma da aka auna idonta sai aka tarar matsin ya zarce 21, wato iyakar ma'aunin matsin ido mai lafiya, nesa ba kusa ba, kuma ganin da jijiyar ido ta rasa ba ya dawowa. Mutum bai san sunan ƙwaya ba, ta yaya zai haɗiye ta? A gidanmu yanzu maganin da ba ya cikin kwalinsa ba ya shiga bakin kowa.

Na biyu shi ne danne ciwo da ƙwaya. Idan ciwon kai mai tsanani ya zo da jan ido, amai, da ganin zobe mai launuka kewaye da fitila, asibiti za a nufa a wannan daren, domin cikin sa'o'i idon na iya lalacewa. Maganin mura mai ɗauke da chlorpheniramine ko pseudoephedrine na iya tayar da wannan ga wanda magudanar ruwan idonsa ke da ƙunci, saboda haka a tambayi likita wane nau'in gilokoma ake da shi.

Wanda aka ɗora a kan ƙwayar acetazolamide, wadda ake sha don rage matsin ido, kada ya haɗa ta da asfirin mai yawa. Ibuprofen da diclofenac kuwa ƙoda da gyambon ciki ne abin tsoronsu. Akwai kuma masu ajiye maganin ɗigawa har sai sun gama shan na ciwon jiki, wai kada magani ya yi yawa, alhali matsin yakan koma sama da zarar an daina ɗigawa.