Yadda ake fentin zanen katun a kan roba mai haske

Ka fara da shagunan kayan rubutu na Kasuwar Sheikh Gumi da ke Kaduna, ka nemi robar asetet mai haske da fentin akirilik. Fentin katun na asali da wuya ka same shi, akirilik mai kauri ya wadatar.

Ka goge robar, saboda maiƙon yatsa yana hana fenti kamawa. Ka zana layukan da baƙar tawada, ka bari su bushe.

Sai ka kifa robar. Ta baya ake shafa fenti, don layukan su fito tsaf ta gaba. Ka fara da ƙananan wurare kamar ido da baki, sannan manya. Ka ɗiga fentin ka tura shi da buroshi, ban da gurzawa. Launi ɗaya ya bushe kafin na gaba.

Lokacin hunturu ka rufe aikin da kwali saboda ƙura.