Yadda ake gane yawan hatsi mai dusa da mutum ke ci ta hanyar gwajin jini da fitsari

Tambayi mutum abin da ya ci a makon jiya, zai ce maka tuwo da burodi. Ka ce masa garin da dusarsa aka niƙa ko surfaffe ne, sai ya yi shiru, don ba shi ya kai niƙa ba. Wannan ce matsalar masu binciken abinci, shi ya sa suka koma tambayar jiki da kansa. A dusar alkama da ta rai (wani hatsi ne dangin alkama da ake ci sosai a arewacin Turai) akwai wani sinadari mai maiƙo da ake kira alkilresosinol. Farar fulawa ɗan kaɗan ne a cikinta, tunda an cire dusar. Idan an ci hatsin da dusarsa, sinadarin na shiga jini, a iya auna shi. Masana a Suwidin, irin su Rikard Landberg, sun yi aiki sosai wajen tabbatar da wannan hanya.

Matakin farko, tun kafin a taɓa allura, ka san wane hatsi mutanenka ke ci. Nan ne na fi so ɗalibanmu su tsaya da kyau. Wannan ma'auni alkama da rai yake gani, sai sha'ir kaɗan. Ba ya ganin gero, ba ya ganin dawa, masara ko shinkafa. Dattijon da ke shan kunun gero da safe, ya ci tuwon dawar da ba a surfa ba da dare, jininsa zai nuna kusan babu komai, alhali ya fi mai cin burodin kanti samun dusa nesa ba kusa ba. Rubuta cewa "ba ya cin hatsi mai dusa" zalunci ne ga gaskiya. Inda gwajin zai yi amfani a wurinmu shi ne a kan masu cin tuwon alkama, ko alkubus da funkason da aka yi da alkamar da aka kai inji ɗungurungum.

Na biyu, a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike da yardar kowane mutum a rubuce.

Na uku shi ne ɗibar jini, kuma lokaci ne komai. Sinadarin ba ya daɗewa, cikin kamar awa 5 rabinsa ya bar jini. Don haka da safe ake ɗiba, kafin a karya, kowa a yanayi ɗaya. In ka ɗebi na wani bayan ya ci funkaso da miyar taushe, na wani kuma da yunwar dare, ba za su kwatantu ba. Ana zuba jinin a kwalbar da ke hana shi daskarewa, a juya a na'ura har ruwan jinin mai launin rawaya ya taso sama, a tsotse shi a ajiye a firiza mai sanyin 80 ƙasa da sifili. Kuma ɗiba ɗaya labarin jiya kawai take bayarwa. Wanda ke cin alkama jefi-jefi sai an maimaita sau biyu ko uku a ranaku mabambanta.

Idan jini ya yi wuya, akwai fitsari. Hanta na farfasa sinadarin zuwa wasu ƙanana biyu, DHBA da DHPPA, su fita ta ƙoda. Ana tara fitsarin awa 24: a zubar da na farkon safiya, a tara duk sauran a jarka mai murfi a wuri mai sanyi, har da na farkon washegari. Sai dai wasu abincin da ba hatsi ba ma suna ɗan haifar da waɗannan biyun, don haka a yi hattara da ƙananan lambobi.

Na huɗu aikin ɗakin gwaji ne. Na'urar tantance sinadarai da ake kira GC-MS ko LC-MS ke ware nau'o'in sinadarin guda biyar, waɗanda ake wa laƙabi da C17, C19, C21, C23 da C25. Jimillarsu ce ke nuna yawan abin da aka ci. Akwai kuma wata dabara mai ban sha'awa: a yi lissafi, a raba adadin C17 da adadin C21. A hatsin rai amsar na kusa da 1, a alkamar burodi kusa da 0.1, a alkamar durum da ake taliya da ita kuwa kusa da 0.01. Ta haka jini ke faɗa maka wane hatsi ne ya fi yawa a kwanon mutum.

Daga nan sai fassara. A auna kitsen jini tare, domin sinadarin a cikin maiƙo yake yawo, mai yawan kitse a jini lambarsa kan hau. Sannan a ajiye sakamakon gefe da gefe da takardar abincin kwana uku da mutum ya rubuta, ko aka rubuta masa, wadda ta bayyana ko an surfa hatsin kafin niƙa. Lambar ta fi dacewa da jera jama'a daga masu ci da yawa zuwa masu ci kaɗan. Ba za ta ce maka wane ya cika giram 48 na hatsi mai dusa a rana da aka ba da shawara a Amurka ba, sai an haɗa da waccan takarda.