Sababbin zuwa jihar Kalifoniya ta Amurka, ku kiyaye da ɗora kare a bayan a-kori-kura

Assalamu alaikum ƴan uwa. Maganar lasisin tuƙi da inshora ba zan ja ta ba, ku je DMV, ofishin da ke ba da lasisin tuƙi, ku yi jarabawa, duk wanda ya riga ku zuwa zai nuna muku hanya, a nan kam mutanenmu ba su da rowa, Alhamdulillah. Abin da nake so in yi magana a kai shi ne wanda ba wanda ke gaya wa sabon zuwa, don ba wanda ke zaton Bahaushe zai sha wahala a kan kare.

Amma ku duba ayyukan da yaranmu ke fara samu: yankan ciyawa, gini, kwasar kaya, gyaran shinge. Duk da a-kori-kura ake yi, kuma masu gidan da yawa suna zuwa aiki da karensu. Sai oga ya miƙo maka makulli ya ce je ka sayo katako ka tafi da karen, kai kuma ba ka son ya lashe maka riga ga sallar azahar na tafe, sai ka ce masa hau baya, ka ja mota. Na gane dalilin sarai, ni ma ba na son yawunsa a kayana. Sai dai doka ba ruwanta da dalilinka, kuma wanda ke riƙe da sitiyari take kamawa, ko da karen ba nasa ba ne.

Sashe na 23117 na dokar ababen hawa ta Kalifoniya ya hana ɗaukar dabba a bodin mota a kan titi sai an cika ɗaya daga cikin sharuɗɗa: ko bodin a rufe yake, ko yana da shinge a gefe da baya da ya kai inci 46 daga ƙasan bodin, wajen santimita 117 kenan, ko dabbar na cikin keji da aka ɗaure shi da motar, ko kuma an ɗaure ta ta ɓangarori biyu. Wannan na ƙarshen shi ne mutanenmu ba sa fahimta. Igiya ɗaya ba ta isa ba, tana ma da nata haɗarin, domin kare na ganin wani abu zai yi tsalle, igiyar ta riƙe shi a wuya yana lilo a gefen mota ko taya ta ja shi a kwalta. Sai igiya ta fito daga hagu, wata daga dama, gajeru, yadda zai tsaya a tsakiya ba zai kai baki ba, kuma a maƙala su a ɗamarar ƙirji ba a wuya ba.

Akwai wani yaro da ya sauka a gidana bara, mai natsuwa ne wallahi, watansa kaɗan da fara aiki. Wata rana ya ɗora karen ogansa a bayan mota, sai wata dattijuwa ta biyo shi a baya tana ɗaukarsa a waya, karen na tsaye ƙafafun gaba a kan bakin bodi kunnuwa na kaɗawa, kafin ya kai inda za shi ɗan sanda ya tsayar da shi. Ya zo min da takardar a ninke cikin aljihu hannunsa na rawa yana cewa "Kawu ai ba karena ba ne". Ogan ko sisi bai biya ba. Abin da ya fi ɓata min rai, wani a masallaci ya ce masa ya share takardar kawai ba komai. Kada ka kuskura. Akwai ranar kotu a jikinta, in ta wuce kuɗin ƙaruwa yake, kuma ran da za ka cike fom ɗin zama ɗan ƙasa, N-400, za a tambaye ka ko ɗan sanda ya taɓa ba ka takardar laifi. Tara ce ka biya ka ajiye rasit. In kuwa karen ya faɗo ya ji ciwo to magana na iya komawa zaluntar dabba, wannan laifi ne na daban mai nauyi, ba wanda ke jiran girin kad, wato takardar izinin zama na dindindin a Amurka, da zai so shi a fayil ɗinsa.

Dokar ta cire dabbobin kiwo da karnukan da ke aikin gona ko kiwo, saboda haka ragon layya bai shiga ba, amma don Allah ku daina ɗaure shi tamau kamar a kasuwar Wudil, maƙwabta na kallo kuma suna buga waya.

Kowace jiha da tata dokar. Masachusets ma inci 46 ɗin take nema, Oregon da Washinton suna da irin dokar, Tekzas ba ta da ta jiha baki ɗaya amma wasu garuruwanta suna da tasu, don haka in ka koma wani wuri sai ka sake tambaya.

Sai zafi. A Sakramento, babban birnin Kalifoniya, lokacin bazara ƙarfen bodi na ƙona tafin ƙafar kare, kuma barin sa cikin mota a rufe a irin wannan zafi ka shiga shago laifi ne, tun 2017 ma doka ta ba wa mai wucewa damar fasa gilashi bayan ya kira hukuma. In ogan bai da keji, ka shimfiɗa tsohon bargo a kujerar baya, ka ajiye rigar sallah daban a leda, ko kuma ka gaya masa a fili cewa ba ka tafiya da kare sai ya sayo keji.